Gurguzu, Kwaminisanci ko Dimokuraɗiyyar Walwala: Wane Suna Ya Dace da Ra'ayinka?

Wanda ya ga ma'aikaci yana tiƙar aiki daga safe har dare amma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ko ya ga asibiti ya ƙi taɓa mara lafiya sai an ajiye kuɗi, ransa ya ɓaci ya ce shi kam yana bayan talaka, ba ya daɗewa sai an tambaye shi: to kai wane ne? Wani ya ce masa ɗan gurguzu, wani ya ce kwaminis, wani ya ce mai sassaucin ra'ayi. Duk ana tara su a inuwa ɗaya da ake kira ɓangaren hagu, laƙabin da ya samo asali daga majalisar Faransa a 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma a hagunsa. Sai dai mazauna wannan inuwa sun sha korar juna daga jam'iyya, sun ɗaure juna, sun harbe juna. Don haka kafin ka ɗauki suna, ya kamata ka san kayan da ke cikinsa.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafin shi ne kalmar gurguzu, wadda ake jefa wa Tarayyar Sobiyet, a jefa wa Tanzaniya ta Nyerere, a jefa wa Suwidin, alhali tsarin ukun bai yi kama ba. A nan zan raba su gida biyar.

Ma'aunan da za a auna su

Tambayoyi biyu ne ke raba waɗannan aƙidu tun daga tushe. Ta farko, mallaka: wa ke da masana'anta, banki, ma'adinai da manyan gonaki? Ta biyu, hanya: ta ƙuri'a za a kai ga mulki ko ta juyin juya hali, kuma bayan an hau, jama'a na iya sauke waɗanda suka hau? Bayan su sai abubuwa huɗu da mai sayen kowane kaya ke dubawa. Tsada: wa zai biya, kuma da me? Ƙarko: inda aka gwada, shekara nawa ya yi? Sauƙi: me ake buƙata a ƙasa kafin ya yi aiki? Haɗari: idan aka tafka kuskure, akwai hanyar gyara?

Ni a wurina wannan na ƙarshe ya fi kowanne nauyi. Babu tsarin da ba ya kuskure. Abin da ke bambanta su shi ne ko labarin kuskuren na isa kunnen masu mulki kafin mutane su fara mutuwa.

Domin abin ya fito fili, ka riƙe misali ɗaya a ranka: masaƙa mai ma'aikata 500, mallakar wani attajiri. Za mu ga yadda kowace aƙida za ta yi da ita.

Sassaucin ra'ayi

Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba, domin a bakin ƙofar hagu yake tsaye. Mai sassaucin ra'ayi ya yarda attajiri ya riƙe masaƙarsa. Abin da yake nema shi ne 'yancin faɗin albarkacin baki, daidaito a gaban shari'a, da dokokin da za su hana zalunci. A Amurka sunan ya manne wa masu goyon bayan gwamnati ta tallafa wa marasa ƙarfi tun zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya sa hannu kan dokar fansho da tallafin marasa aiki a 1935. A Turai kuwa sunan yakan nufi mai son kasuwa ta ci gashin kanta da rage haraji, kamar jam'iyyar FDP ta Jamus. A Ostareliya ma jam'iyyar da ke ɗauke da wannan suna ita ce babbar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Ba shi da tsada sosai, ya yi ƙarko, haɗarinsa kaɗan ne, amma ba ya taɓa batun mallaka ko kaɗan. Shi ya sa 'yan gurguzu da yawa ba sa lissafa shi a cikin danginsu.

Dimokuraɗiyyar walwala

A nan ma masaƙa tana hannun mai ita, amma an ɗaure shi da igiya biyu: ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi da ke zama da shi a yanke albashi, da haraji mai nauyi da ake biyan asibiti, makaranta, fansho da tallafin wanda ya rasa aiki. A Jamus dokar 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a duk kamfanin da ke da ma'aikata sama da 2,000.

Tarihin sunan kansa yana da ruɗani. Kafin 1914 mabiya Karl Marx ne ke amsa shi, har da jam'iyyar Lenin a Rasha. Eduard Bernstein ne a 1899 ya fito ya ce jari-hujja ba ta kama hanyar rushewa ba, gara a riƙa gyara ta sannu a hankali ta majalisa. An yi masa caa a lokacin, amma daga baya maganarsa ta yi rinjaye. A taron Bad Godesberg na 1959 jam'iyyar SPD ta Jamus ta ajiye aƙidar Marx a hukumance, ta rungumi kasuwa.

Tsadarsa haraji ne, kuma masu kuɗi ba su kaɗai ke biya ba. A Suwidin da Danmak harajin sayayya kashi 25 cikin ɗari ne a kan yawancin kaya, wanda ke nufin direba da malamin makaranta suna biya duk ranar da suka shiga kanti. Masu yabon waɗannan ƙasashe sukan tsallake wannan, kuma bai kamata ba, domin a nan gizo ke saƙar: mutum ya yarda ya miƙa kaso mai tsoka na abin da ya samu ne saboda yana ganinsa a asibitin da ke karɓarsa ba tare da ciniki ba.

Ta fuskar ƙarko, babu wanda ya kamo ƙafarsa a cikin biyar ɗin. Jam'iyyar da ke wannan ra'ayi ta mulki Suwidin daga 1932 zuwa 1976, in ban da 'yan watanni a 1936, kuma da ta faɗi zaɓe waɗanda suka gaje ta ba su rushe tsarin ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya da gwamnatin Clement Attlee ta kafa a 1948 ta rayu har a ƙarƙashin Margaret Thatcher, wadda ta sayar da kamfanonin gwamnati da dama amma ba ta rufe ta ba.

Sauƙi kuwa babu shi. Tsarin na buƙatar ma'aikatar haraji da ba a sace abin da ta tara, da tattalin arzikin da yawancin ma'aikata ke da rajista, da ƙungiyoyin ƙwadago masu jama'a. A Suwidin da Danmak kusan biyu cikin uku na ma'aikata 'yan ƙungiya ne. Inda babu waɗannan, alkawarin yakan tsaya a takarda. Haɗarinsa kuma zaizaya ne: tunda dukiya na hannun masu ita, suna iya kwashe jari zuwa inda haraji ya fi sauƙi, ko su zuba kuɗi a siyasa har a riƙa yanke tallafin kaɗan-kaɗan.

Gurguzu ta hanyar ƙuri'a

Shi wannan ya ce igiya ba ta isa ba. Muddin mutum ɗaya ke da masaƙa, shi ke da ikon rufe ta gobe ya jefa iyali 500 cikin yunwa. Don haka a mayar da ita hannun jama'a, ko dai gwamnati ta karɓa, ko ma'aikatan su mallake ta a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa. Sharaɗinsa shi ne a yi hakan ta zaɓe, a bar jam'iyyun adawa da jaridu su yi aikinsu, in jama'a sun gaji su sauke gwamnati.

A nan ne mutane suka fi cakuɗa suna. Sanata Bernie Sanders na Amurka yana kiran kansa ɗan gurguzun dimokuraɗiyya, amma yakan ba da misali da Danmak, har firaministan ƙasar na lokacin, Lars Løkke Rasmussen, ya fito a 2015 ya ce ƙasarsa tattalin arzikin kasuwa take bi. Kuma gaskiyarsa. In burinka asibiti da makaranta kyauta ne kawai, ba ka shigo wannan gida ba tukuna.

Wanda ya gwada shi da gaske shi ne Salvador Allende na Chile, da aka zaɓa a 1970. A 1971 majalisa ta amince baki ɗaya a karɓe ma'adinan tagulla daga kamfanonin Amurka. Shekarar farko albashi ya tashi. Daga nan kaya suka fara ɓacewa a kantuna, masu manyan motoci suka tafi yajin aiki a Oktoban 1972, hauhawar farashi ta haura kashi 500 cikin ɗari a 1973, kuma binciken majalisar dattawan Amurka ya tabbatar daga baya cewa hukumar leƙen asirin ƙasar, CIA, ta kashe kuɗi don a gurgunta gwamnatin. Ranar 11 ga Satumba 1973 jiragen sojan ƙasar suka yi luguden wuta a fadar shugaban ƙasa ta La Moneda, Allende yana ciki, bayan ya yi wa jama'a jawabin ƙarshe ta rediyo. Janar Pinochet, wanda ya jagoranci juyin mulkin, ya mulki ƙasar har 1990.

A Faransa abin bai kai ga jini ba. François Mitterrand ya hau a 1981, gwamnatinsa ta karɓe manyan bankuna da kamfanoni, jari ya fara gudu, darajar kuɗin ƙasar ta yi ta faɗuwa, a 1983 ya juya akala zuwa tsuke bakin aljihu. Suwidin ma ta taɓa leƙa wannan gida: a 1976 ƙungiyar ƙwadago ta amince da shirin Rudolf Meidner na a riƙa mayar da wani kaso na ribar kamfanoni hannun jari mallakar ma'aikata, har wata rana su zama masu rinjaye. Abin da ya zama doka a 1983 ragowar shirin ne kawai, shi ma aka soke shi a farkon shekarun 1990.

Tanzaniya darasi ce ta daban. Julius Nyerere ya shelanta tsarin gurguzunsa na Ujamaa a Arusha a 1967, ya yaɗa karatu da shan magani ƙwarai, amma ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, kuma daga 1973 aka koma tilasta wa manoma ƙaura zuwa ƙauyukan haɗin gwiwa. Noma ya ja baya. Bayan ya sauka a 1985, ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1986.

Inda aƙidar ta yi ƙarko shi ne a ƙaramin mataki. Ƙungiyoyin haɗin gwiwa na Mondragon a yankin Basque na Sifaniya sun fara a 1956, yau dubun-dubatar mutane ke aiki a cikinsu, kowane mamba da ƙuri'a ɗaya. Da kamfaninsu na kayan lantarki, Fagor, ya durƙushe a 2013, an nema wa mambobi da yawa gurbi a sauran ƙungiyoyin. Tsadar wannan hanya diyyar masu dukiya ce da gudun jari. Haɗarinta gaba kura baya sayaki: in ka yi sauri a yi maka juyin mulki ko tattalin arziki ya birkice, in ka yi sanyi ka tsinci kanka a dimokuraɗiyyar walwala. Duk da haka, tambayar da take yi, wato me ya sa dimokuraɗiyya ke tsayawa a ƙofar wurin aiki, ban ga wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Kwaminisanci

Kalmar na da ma'ana biyu, kuma yawancin gardama a kanta kowa na riƙe da ɗaya ne. A wurin Marx, kwaminisanci shi ne matakin ƙarshe: al'umma ba ajin masu dukiya da na ma'aikata, ba gwamnati, kowa ya ba da gwargwadon iyawarsa ya karɓi gwargwadon buƙatarsa. Babu ƙasar da ta taɓa cewa ta isa can. Tarayyar Sobiyet gurguzu ta kira tsarinta, har shugabanta Nikita Khrushchev ya yi alkawari a 1961 cewa za a kai ga kwaminisanci kafin 1980. Ma'ana ta biyu ita ce abin da aka gani a ƙasa: jam'iyya ɗaya bisa tsarin Lenin ta karɓi mulki, gwamnati ta mallaki masaƙa, ofishin tsare-tsare a babban birni ya yanke yadi nawa za a saƙa da farashinsa.

Ba a yi wa tsarin adalci ba in aka ce bai tsinana komai ba. Ya mayar da Rasha daga ƙasar manoma zuwa mai manyan masana'antu cikin ƙarni guda bai cika ba. Kyuba ta yi gangamin yaƙi da jahilci a 1961 wanda ya kusa kawar da shi cikin shekara ɗaya. Amma kuɗin da aka biya rayuka ne. Tilasta haɗe gonaki ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 da ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan. A Sin, shirin Mao na 1958 zuwa 1962 ya jawo yunwar da ta ci mutane miliyan gommai. Jami'an ƙauye sun riƙa aika alƙaluman girbi na ƙarya don tsoron a kira su maƙiyan juyin juya hali, gwamnati ta kwashi hatsi bisa waɗannan alƙaluma, kuma babu jarida ko ɗan adawa da zai ce a tsaya.

Alamar ta bayyana tun da wuri. A zaɓen Nuwamban 1917 jam'iyyar Lenin ta samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u, sai ta rufe majalisar da aka zaɓa a Janairun 1918 bayan zama ɗaya. A Maris 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda suka taimaka wajen juyin, suka nemi zaɓe na gaskiya, aka murƙushe su da bindiga. Wanda ya zaɓi wannan suna dole ya iya kallon waɗannan ranaku ya faɗi abin da zai hana a maimaita su.

Ƙarkonsa rabi da rabi ne. Tarayyar Sobiyet ta rushe a Disamban 1991. Jam'iyyun da suka tsira sun yi hakan ne ta buɗe kasuwa: Sin daga 1978 ƙarƙashin Deng Xiaoping, Biyetnam daga 1986. Wato mulkin jam'iyya ɗaya ya zauna, mallakar jama'a ce ta ja baya. Akwai kuma kwaminis da suka bi ƙuri'a, kamar a jihar Kerala ta Indiya, inda suka ci zaɓe a 1957, kuma tun daga nan suke hawa suna sauka. Aikinsu a can ya fi kama da gida na biyu da na uku.

Anakiyanci

A bakin jama'a kalmar na nufin hargitsi, amma masu aƙidar tsari suke nufi, tsarin da babu mai mulki a sama. Pierre-Joseph Proudhon ne ya fara kiran kansa da sunan a 1840. Rabuwarsu da mabiya Marx ta faru a taron Hague na 1872, inda aka kori Mikhail Bakunin, wanda ya yi gargaɗin cewa gwamnatin ma'aikata za ta zama sabuwar ubangida a kan ma'aikata. A tsarinsu masaƙa ta ma'aikatan ce kai tsaye, taron su ke yanke shawara, wakilin da suka tura kuma suna iya janye shi kowane lokaci.

Gwaji mafi girma an yi shi a Kataloniya daga Yulin 1936, lokacin yaƙin basasar Sifaniya. Ƙungiyar ƙwadago ta CNT ta karɓi masana'antu da sufuri a Barcelona, taragon cikin gari suka ci gaba da zirga-zirga da fentin ja da baƙi, direbobi da makanikai na gudanar da su. Bai kai shekara uku ba: kwaminis sun karya lagonsu a Mayun 1937, Janar Franco, wanda ya ci yaƙin basasar, ya ƙarasa a 1939. Tsarin ba ya cin haraji, lokaci yake ci, domin komai sai an zauna taro. Rauninsa tsaro ne da girma: abin da ke aiki a unguwa ko masana'anta ɗaya yana wahala a ƙasa mai mutum miliyan 50 da maƙwabta masu sojoji.

| Aƙida | Mai masaƙa | Hanya | Tsada | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sassaucin ra'ayi | Attajiri | Ƙuri'a | Matsakaicin haraji | Mai yawa | Giɓin arziki ya zauna |
| Dimokuraɗiyyar walwala | Attajiri, da ƙwadago a gefensa | Ƙuri'a | Haraji mai nauyi kan kowa | Mai yawa | Zaizayar tallafi |
| Gurguzun ƙuri'a | Gwamnati ko ma'aikata | Ƙuri'a | Diyya da gudun jari | Kaɗan a matakin ƙasa | Juyin mulki, hauhawar farashi |
| Kwaminisanci | Gwamnatin jam'iyya ɗaya | Juyin juya hali | 'Yanci da rayuka | Shekaru gommai | Kuskuren da ba mai iya tsayarwa |
| Anakiyanci | Taron ma'aikata | Yajin aiki da karɓe wurin aiki | Lokaci da taro | Gajere | Murƙushewa daga waje |

Wanne ne naka?

In abin da ke hana ka barci shi ne a kama mutum don ya yi magana, ko a nuna masa bambanci a kotu, kuma ba ka da ja da kasuwa, mai sassaucin ra'ayi ne kai. Ka dai riƙa faɗin irin na wace ƙasa kake nufi.

In damuwarka asibiti, makaranta, fansho da albashin da zai riƙe iyali ne, kuma ba ka ƙi attajiri ya ci riba ba muddin yana biyan haraji, dimokuraɗiyyar walwala ce gidanka. Mafi yawan masu kiran kansu 'yan gurguzu a yau nan suke, kuma zai fi musu amfani su faɗi hakan, domin kada a riƙa tambayarsu laifin Stalin, tsohon shugaban Sobiyet, a kan buƙatar da ba ta wuce ta asibiti ba. Aikin da ke gabanka shi ne na haraji da ƙungiyar ƙwadago.

In kana ganin matsalar tana cikin mallakar kanta, amma ba za ka yarda a taɓa akwatin zaɓe ba ko da kai ne za ka faɗi, gurguzun ƙuri'a ne. Ka tanadi amsa kan abin da za ka yi ranar da jari ya fara tsallaka iyaka, kuma ka fara daga inda aka ga ya yi aiki, wato ƙungiyoyin haɗin gwiwa da kujerun ma'aikata a hukumomin kamfani.

In nazarin Marx kan aji da riba ne ya burge ka, kana iya amfani da shi ba tare da ka ɗauki tsarin jam'iyya ɗaya ba. Malamai da 'yan ƙwadago da yawa haka suke yi. Ni ba zan ba kowa shawarar tsarin Lenin ba, saboda ma'aunin haɗari da na fifita tun farko. In kuwa ba ka yarda da attajiri ba, ba ka yarda da minista ba, kuma a unguwa ko wurin aiki kake son ganin sauyi da hannunka, za ka sami 'yan uwa a cikin 'yan anakiyanci, sai dai ka shirya zaman taro mai tsawo da kuma tambayar wa zai biya likitan tiyata.